Tsakuwar Baba Kuza da Ramin Bayan Gidana

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Ni ne Audu Direba na Kurmin Sarki, mutumin nan da ya sayar da bas ɗinsa, ya biya leburori suka haƙa masa rami a bayan gida, sannan ya dawo yana tura baro da hannunsa yana cike ramin. E, ni ne. Waɗanda suka yi dariya a lokacin na yafe musu, waɗanda ba su samu yi ba kuwa ga dama ta zo. Aji uku na yi a firamare, ukun ma rabinsu a bakin rafi na yi su, don haka in kun ga rubutun ya karkace ku bi shi a hankali.

Ba labarina na zo bayarwa ba, labarin Baba Sale Kuza ne, Allah ya jiƙansa. Sai dai in za a faɗi gwanintar mai magani dole a kawo wanda ya warkar, to ni ne majinyacin.

Duk wanda ya san Baba Kuza ya san shi da cin ƙasa. Ka kira shi ya yi maka ƙiyasin gini, ba zai dubi zanen da ka biya aka yi maka ba, ba zai ma dubi fuskarka ba. Sai ya tuɓe takalmi, ya zagaya filin sau biyu, ya tsuguna, ya ɗebi ƙasa da yatsu biyu ya ɗora a harshe, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya. Ka ce, "Baba, nawa zai ci?" Ya ce, "Tsaya in tambayi mai wurin." Mai wurin nan fa ƙasa yake nufi! Kai da ka sayi fili, kana riƙe da takarda mai hatimi, a wurinsa ɗan haya ne.

A ramukan haƙar kuza na Filato ya yi ƙuruciyarsa, can ya samo sunan. Da aka fara gina Abuja ya gangaro Suleja da diga a kafaɗa, bai sake komawa ba. Gajere ne, busasshe, hannunsa kamar saiwar itace. Tattali kuwa, kada ku so ku gani. Ƙusa in ta lanƙwashe ba ya yar da ita, aljihu take shiga, da yamma ya zauna ya miƙar da ita a kan dutse. Ban taɓa ganinsa a kan acaba ba. Wata rana na same shi a hawan nan na komawa unguwa daga kasuwa, rana ta take, na tsayar masa da keke napep.

Na ce, "Baba, hau, ni zan biya."

Ya ce, "Nawa ne?"

Na faɗa masa.

Ya miƙo hannu. "Kawo kuɗin. Ƙafata ce za ta yi aikin, ita za a biya."

Kuma wallahi sai da ya karɓa.

Ranar da na fara jin tsoronsa kuwa a wajen Iku ne. Wani Alhaji, bakano da ke aiki a Abuja, zai gina gidan haya, ya ɗauke ni shata na kai masa kaya. Ya zo da injiniya, saurayi mai farar hular kwano da takardu a naɗe. An kira Baba don ya ja ragamar masu haƙa tushen gini. Ya yi zagayensa, ya ɗanɗana nan, ya ɗanɗana can, da ya zo kusurwar gabas sai ya tofar.

Ya ce, "Nan kada a ɗora komai. Tsohon ramin yumɓu ne. Mata masu ginin tukwane suka haƙa shi, daga baya aka cike da shara."

Injiniya ya yi dariya. "Baba, sori, wace makaranta ka yi?"

"Ban yi ba. Amma ka sa a haƙa. In an kai ƙirjinka ba a ga fasassun tukwane ba, ka riƙe ladan aikina."

Aka haƙa. Ko ƙirjin ba a kai ba sai ga toka, sai ga katanga-katangar tukwane, shebur bayan shebur, har da wata 'yar tulu da bakinta bai ko ɓalle ba. Wurin nan gona ce tun kafin a haifi uban mai sayar da filin, babu wanda ya tuna an taɓa yin komai a nan. Injiniya ya cire hula. Can da ya zaci ba mai kallonsa, sai ya sunkuya ya ɗebi ƙasa ya kai baki. Baba ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "Ɗana, nan da ka ɗiba awaki ne ke kwana."

To, mutumin da na ga wannan da idona, shi na zo na yi wa gardama. Ku auna hankalina.

Gwiwa ta fara ba ni matsala, tuƙin Suleja zuwa Abuja ya gagare ni, na sayar da bas. Kuɗin nan su ne komai nawa, ba fansho, ba gona. Shawarar da muka yi da maiɗakina Hajara ita ce mu ƙara ɗaki biyu a ɗan filin da ya rage a bayan gida, mu zuba 'yan haya. Filin ɗan siriri ne: hagu bangon ɗakin Hajara, dama katangar maƙwabciyarmu Madam Rifkatu, malamar makaranta da ta zo daga kudancin Kaduna ta yi shekaru a cikinmu.

Da na tsaya a nan da lafiya lau. Amma na taɓa kai wani fasinja wani dogon gini a Abuja, aka ce in gangara in ajiye mota a ƙasa. Na gangara, sai ga ni a ƙarƙashin gini, sanyi kamar cikin randa, motoci jere. Abin nan ya zauna mini a kai shekara da shekaru. Sai na ce, to me zai hana? Ɗaki biyu a sama, biyu a ƙarƙashi, haya huɗu a filin haya biyu! Hajara ta ce, "Malam, ɗakin ƙarƙashin ta ina iska za ta shiga?" Na ce, "'Yan Abuja ne fa za su kama. Da asuba sun fita, sai dare su dawo. Me za su yi da taga?" Kafin sati, duk teburin mai shayi ya san Audu zai gina bene mai kallon ƙasa. Ni na faɗa musu, da bakina, har da zane a ƙasa da tsinke.

Baba ya zo. Ya tuɓe takalmi, ya ɗanɗana, ya daɗe idonsa a rufe. Sannan ya sa Hajara ta kawo sabuwar tukunyar ƙasa da gishiri cikin tafin hannu. Ya ƙulle gishirin a tsumma, ya haƙa rami iya ƙugu, ya ɗora ƙullin a kan dutse, ya kife tukunyar a kai, ya rufe da ƙasa. Ya ce sai bayan kwana uku. Tsakiyar rani fa ake, ƙasa ta bushe har tana tsagewa. Ranar da ya tono tukunyar, cikinta ya yi gumi, gishirin ya zama kamar kunu. Ya miƙo mini tsumman yana ɗiga.

"Mai wurin ya ce yana da baƙo a ƙasa. Ruwa ne. Yanzu barci yake yi."

Na ce, "Baba, ni dai faɗa mini nawa zai ci."

Ya sa aka shimfiɗa tabarma. Ya fito da wata tsohuwar jakar fata cike da tsakuwa, baƙaƙe masu santsi, da su ya zo daga Filato. Ba ya ƙiyasi da naira. Cewa yake naira ba ta kwana inda ta yini, don haka kowace tsakuwa kuɗin buhun siminti ashirin ce, ko nawa buhu ya kai ran nan. Ya ƙirga talatin ya tara gefe guda.

"Wannan ɗakunanka na sama ne, har rufi da ƙofa. Kuɗin motarka za su kai, har ka sayi fenti."

Na ce, "Madalla. Na ƙasa fa?"

Sai ya fara jera ƙananan tsibi, yana faɗin sunan kowanne. Haƙa da hannu, tunda mota ba ta shiga lungunmu. Fitar da ƙasa da baro har bakin titi. Masu fasa dutse, don ya ce a tsayin mutum akwai dutse kwance ta gefen Madam. Bango na kankare da rodi, ba bulo ba, domin ƙasa turo bango take yi dare da rana ba ta gajiya. Kwalta da leda mai kauri a bayan bangon. Tsakuwa da bututu da za su janye ruwa. Injin zuƙe ruwa. Janareto na injin, saboda ranar da aka fi ruwa ranar ce ba wuta. Tokare bangon Hajara. Tokare katangar Madam. Matakala, wadda ya ce ita kaɗai za ta cinye kwatan ɗaki. Ina kallo tabarma tana cika. Da ya gama sai ya ƙara wani tsibi can nesa da sauran.

Na ce, "Wannan kuma na mene ne?"

"Na mayarwa."

"Mayar da me?"

"Ƙasar. In ka gaji. Ni ban taɓa yi wa mutum ƙiyasin rami ban sa masa kuɗin cikewa ba. Kuma ka ji, Direba: in ka ƙi ji ka haƙa, ƙasar da ka fitar kada ka rabu da ita sai damina ɗaya ta wuce a kanta."

Aka kira la'asar, ya tashi ya zagaya alwala. Ni kuwa Shaiɗan ya zauna kusa da ni a tabarma. Na ɗauki ɗaya a nan, biyu a can, har bakwai, na zuba a aljihu, na gyara tsibin da yatsa. Tunanina in ya dawo ya ƙirga, jimla ta sauka, shi ke nan na yi ciniki. Hajara tana bakin ƙofa ta riƙe haɓa.

Baba ya dawo yana yarfe ruwa a hannu. Bai zauna ba, bai ƙirga ba. Kallo ɗaya ya yi wa tabarmar.

"Audu, aljihunka na dama ya yi nauyin buhu ɗari da arba'in. Ka bi a hankali kada wandon ya zame."

Hajara ta shige ɗaki da gudu, ina jin dariyarta ta bango. Ni kuma kunya ta juye ta zama taurin kai. Na ce ban ga komai ba. Ya kwashe sauran ya zuba a jaka, ya sa takalmi, ya ce, "To, ajiye su. Za ka kawo."

Washegari na samo wani magini mai jaka da biro, ba zan faɗi sunansa ba. Ya dubi filin daga bakin ƙofa, ko takalminsa bai yi ƙura ba, ya rubuta mini ƙiyasin da bai kai rabin na Baba ba. Ya ce, "Oga, tsofaffin nan tsoro ne da su. No wahala." Na ji daɗin "oga" ɗin nan har cikin raina. Aka fara haƙa.

Jar ƙasa ta taru a bakin titi kamar tudu. Sai ga wani direban tifa ya zo ya ce akwai mai so, za a yi ciko. Ya yi ta ja da ni a kan farashi kamar ransa zai fita, har na ce masa, "Kai, wanda ya aiko ka ko Baba Kuza ne ai sai haka!" Ya yi murmushi kawai. Na sayar. Na je teburin mai shayi na ce, "Kun gani? Ramin da kansa yake biyan kuɗin haƙarsa. Wannan lissafin ba ya cikin jakar tsakuwa."

Kullum da safe Baba zai biyo ta lungun, ya leƙa ramin, ya ce wa leburori sannu da aiki, ya wuce. A tsayin mutum aka ci karo da dutse, ta gefen Madam, daidai inda ya ce. Kuɗin fasa shi ya cinye abin da na ware na rodi. Ranar da aka gama haƙa, Baba ya sauka cikin ramin da tsani, ya fito da ɗaya daga miƙaƙƙun ƙusoshinsa, ya kafa ta a jikin ramin daidai wuyansa, ya hau ya tafi. Na bi shi ina tambaya. Ya ce, "Alama ce. Kada a cire."

Ruwan farko na damina bai yi komai ba, har na fara yi wa mutane gwalo. Na uku ne ya tashe baƙon. Ba daga sama ruwan ya cika ramin ba, daga gefe ya riƙa tsattsafowa, ta ko'ina, kamar ƙasar tana zufa. Mai jaka da biro ya ce zai je ya kawo inji. Har yau yana kawowa, wayarsa kuwa a kashe. Cikin sati biyu kwaɗi suka tare, su ne 'yan hayana na farko. Unguwa ta sa wa wurin suna Dam ɗin Audu. Ruwa ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, sannan ya tsaya. Na je na leƙa. Jama'a, kan ƙusar nan ne kaɗai a waje. Ba sama da ita ba, ba ƙasa da ita ba. Mutane suka riƙa zuwa daga wasu unguwanni, ba don su yi mini dariya ba ma, don su ga ƙusar.

Dariya ta ƙare ranar da Hajara ta kira ni ɗakinta ta nuna mini bango. Tsaga ce daga ƙasa har taga, ta gefen ramin, yatsa yana shiga. Kafin in rufe baki sai ga Madam Rifkatu da ɗankwali a hannu.

"Baba Audu, zo ka ga katangata! Ta fara yi wa raminka ruku'u. Jikokina a bayanta suke wasa fa. Ni ban ce kada ka yi bene ba, amma ka yi shi ta inda mutane ke yi!"

Gefen ramin yana zaftarewa kaɗan-kaɗan, yana cin ƙasar da ke riƙe da gidan da muka yi shekara talatin a ciki. Dole a cike, kuma a cikin kwanaki. Na zagaya wajen masu tifa. Damina ta yi nisa, motoci ba sa iya shiga inda ake ɗibar ƙasa, mai ita kuma ya ninka kuɗi. Abin da ya rage a hannuna in na saye ta da shi, ko bulo ɗaya ba zan ɗora ba. Bas ta tafi, ɗaki babu, gida yana shirin bi.

Na tafi gidan Baba ina jan ƙafa. Na same shi a zaure yana miƙar da ƙusa. Na tsuguna a gabansa. Bai ce ai na faɗa maka ba. Da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi. Tashi ya yi ya ce in biyo shi. Bayan gidansa akwai ɗan fili a bakin hanya inda yake shuka kuɓewa da yakuwa duk shekara, abin da ya fi so a duniya, ko kaza ba ta isa ta shiga ba. Ran nan ba kuɓewa ko ɗaya. Wani tudu ne a wurin, an lulluɓe shi da tsofaffin kwanon rufi da buhuna, an danne da duwatsu. Ya ɗaga kwano ɗaya. Jar ƙasa, busasshiya.

"Taka ce. Tifa tara. Direban ya ce ka iya ciniki."

Mutumin da ya karɓi kuɗin keke ya tafi a ƙafa, shi ya buɗe jakarsa ya sayi ƙasar bayan gidana, ya hana kansa miyar shekara guda, tun ranar da nake teburin mai shayi ina yi masa ba'a. Na zauna a kan dutse.

Na ce, "Baba, me ya sa?"

"Ƙasar wuri ita ta san wurin. In ka kawo baƙuwa sai ta shekara tana neman wurin zama, bangon matarka ba zai jira ta ba."

"Nawa zan ba ka?"

"Tsakuwata bakwai. Tun ran nan lissafina ba ya cika."

Allah ya taimake ni Hajara ta tsince su a wanki ta ajiye a gwangwanin madara. Na kawo. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba 'ya'yan da suka dawo daga tafiya, sannan ya zuba a jaka. Ko kwabo bai ƙara karɓa ba, na yi na yi.

Kwana shida muka yi muna cikewa. Aka zuƙe ruwa, aka fara zuba ƙasa, taki ɗaya sai a daɓe, a ƙara taki ɗaya a daɓe. Baba yana zaune a kan bokitin da aka kife, yana nuni da sanda. Ya ce sharaɗinsa ɗaya, ni ma sai na tura baro. Na ce gwiwa, ya ce, "Da kana zana bene da tsinke ba ta yi ciwo ba." Madam Rifkatu tana kawo mana kunu, tana cewa, "Baba Kuza, a ƙara masa lodi, bai gaji ba." Tsagar bango ta tsaya. Baba ya sa aka jira rani, sannan aka kai tushen ginin har kan dutse, aka yi ɗaki ɗaya maimakon biyu, don nan kuɗin suka tsaya. Yana nan, da taga biyu manya. Wani ma'aikaci ne a ciki da matarsa.

Bara Baba ya rasu, bayan gajeriyar jinya. A maƙabarta, da aka gama rufe shi mutane suka fara watsewa, na faki ido na ɗebi ƙasar wurin da yatsu biyu na ɗora a harshe. Na lumshe ido yadda yake yi. Ban ji komai ba sai yashi a haƙori. Nan na gane abin ya tafi da mai shi, sai hawaye.

Allah ya jiƙan Baba Sale. Ƙasar da ya yi rayuwarsa yana girmamawa, Allah ya sa ta karɓe shi da sauƙi, ya yalwata masa makwanci, ya haskaka masa shi, ya ba shi inuwar da ta fi ta lambun da ya bari saboda ni. Amin.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Hajara. Ranar da na juye baron ƙarshe, leburori sun tafi wanke hannu, daga ni sai shi. Yana kallon wurin da ramin yake, ya ce mini lokacin yana saurayi ramin kuza ya taɓa ruftawa da su, su huɗu, shi kaɗai aka ciro da rai, cikin ukun har da yayansa. Bai ƙara komai a kai ba. Ya kakkaɓe rigarsa, ya sa takalmi, sannan ya dube ni, ba faɗa, ba dariya, ya ce:

"Audu, da ɗakin nan ya ginu, cikin 'ya'yanka wa ka yi niyyar ya kwana a ciki?"